Lambar da Auta Za Ta Koya

A makarantarmu ta sakandare, ajin da ke ƙarshen baranda na yara ne masu buƙata ta musamman. Malamarsu muna kiranta Tsaya-Tukuna, don kalmar ba ta fita daga bakinta. Mace ce mai fargabar tsiya. Tana tauna murfin biro har ya tsage, in ta kulle aji sai ta dawo ta sake jan kwaɗon. Ni nake koyar da lissafi, teburina yana jikin nata, saboda haka duk damuwar da ta kwaso ni nake fara sha.

Farkon kowace shekara akan zauna da iyaye a tsara wa kowane yaro abin da ake so ya iya kafin shekara ta fita. Sauran malamai nan da nan suke gamawa. Ita kuwa ba ta rubuta komai sai yaro ya faɗi nasa da bakinsa, ko da wuni za a yi ana jira. Na sha tsokanarta cewa wata rana sai mun zo da tabarma.

Bana Auta ce ta hana ta sakat, yarinya 'yar shekara goma sha biyar da magana ke yi wa nauyi, lambobi kuma ba sa zama a kanta. Mahaifinta mai gyaran firji ne, shi kaɗai ke riƙe da ita. Ya aiko cewa in ba a sa ta cikin masu shirin jarrabawa ba, zai cire ta ta zauna a gida. Malama ta san Auta ba ta kai nan ba. In ta yarda ta yi ƙarya, in ta ƙi ta rasa yarinyar. Satin nan ko abincin kirki ba ta ci ba.

Ranar zaman, ni ma ina wurin, uban ya shigo da kayan aiki a jikinsa, ya zauna a bakin kujera.

"Malama, ba dogon zance na zo yi ba. Ku rubuta jarrabawa in koma shago."

"Tsaya tukuna, Baban Auta. Bari mu ji daga bakinta."

Gaskiya raina ya ɓaci, don na ga za ta ɓata komai da wannan jiran nata. Auta tana murza bakin rigarta, mu kuma muna kallon juna. Shirun ya yi tsawo har uban ya miƙe.

"Waya," in ji Auta.

"Waya kuma? Saya miki zan yi?"

Ta girgiza kai. "In iya kira, Baba. Ranar da ka faɗi a banɗaki na ɗauki waya. Na yi ta dannawa. Ba wanda ya zo."

Babu wanda ya san da wannan a cikinmu. Uban ya koma ya zauna a hankali.

"Hawan jini ne," ya ce mana. "Ni na farfaɗo da kaina. Na zaci ba ta gane komai ba."

Malama ta ɗauki biro. "To, lambar wa za mu fara koya mata?"



"Ba mu da kowa a kusa, Malama," ya ce. "In ba damuwa, a fara da taki."