Bakacen Iska: Ta'aziyyar Malam Shitu Kibiya

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Laraba, 26 ga Muharram 1428, daidai da 14 ga Fabrairu 2007, bayan sallar Azahar, Allah Ya karɓi ran Malam Shitu Kibiya, tsohon malamin kimiyya, a gidansa da ke Rano.

Malam, ni ban wuce firamare ba. Gyaran wutar lantarki nake yi, kuma ɗan abin da na sani daga ƙananan littattafan da ka rubuta da Hausa na same shi. Kai ka nuna mini cewa jan hasken da ke cikin sukundireban gwada wuta wata iska ce mai suna niyon. Ka ce ƙwayoyinta 'yan gida ɗaya ne amma nauyinsu ya bambanta: akwai mai lamba ashirin, wadda ta fi yawa, da ashirin da ɗaya, da ashirin da biyu. Ka ba ni labarin shekarun da ka yi a ƙasar waje kana raba su cikin dogon bututun gilashi mai zazzafar waya a tsakiya, marar nauyi ta hau sama, mai nauyi ta taru a ƙasa. Da na kasa ganewa, ka aika aka karɓo faifan matarka Hajiya Barira da gero, ka ce, "Bakace ne, Mika'ilu. Sai dai ita iska ba ta da ƙaiƙayi."

Akwai abin da ya wajaba in faɗa.

Bara ka ba ni littafinka na ƙarshe in kai Kano a buga. A bango ka rubuta "Bakacen Iskar Niyon". Ni kuwa na ga kalmar "bakace" ta yi ƙauyanci ga mai iliminka. A lokacin kullum rediyo na maganar ƙasashen da ke tace sinadari don makamai, sai na goge taka na sa "Tace Sinadarin Niyon", ina zaton girmama ka nake yi. Ban shawarce ka ba.

Kafin kasuwa biyu magana ta kai Rurum da Zinyau. Aka kira ka gaban dattawa, wani ya ce, "Malam, an ce bam kake haɗawa a zaure." Ka yi murmushi ka ce, "Alhaji, iskar nan ko ashana ka ƙyasta mata ba ta kamawa." Aka tambaye ka wa ya sa wa littafin wannan suna. Ina zaune a bayanka ina ji. Ka ce, "Sunana ne a bangon."

An yi dariya an watse, amma iyaye suka janye 'ya'yansu daga darasin da kake bayarwa kyauta ranar Asabar, aka kuma laƙaba maka "Malam Bam". Abin da ka ce mini kawai shi ne, "In za a sake bugawa, ka mayar mini da bakacena." Tsoro ya hana ni fitowa in faɗi gaskiya, har na ji wannan laƙabi a bakin wani a makabarta, muna zuba maka ƙasa.

Jama'ar Rano da Kibiya, ku shaida: kalmar tawa ce, Malam bai rubuta ta ba. Ina roƙon ku da Allah ku daina kiran sa da sunan nan. Na duba littafin sau uku, shafi bayan shafi, na mayar da shi wurin bugawa da sunansa na asali.

Ina miƙa ta'aziyya ga Hajiya Barira, da 'ya'yansa Asma'u da Sharfaddeen, ina kuma neman afuwarsu. Ya Allah, Ka jiƙan Malam Shitu, Ka haskaka kabarinsa, Ka sa Aljanna ce makomarsa. Yadda ya rufa mini asiri a gaban dattawa, Ka rufa masa nasa ranar da babu mai rufawa sai Kai. Amin.

Mika'ilu Mai Gyaran Wuta, Rano