Lamba Ukun Kawu Bahago

Shekara biyar ke nan da muka kai Kawu Ummaru makwancinsa, mutumin da duk Illela ta fi sani da Bahago. Ina ɗan shekara goma sha biyu a lokacin, kuma abin da na fi tunawa a ranar shi ne yawan samarin da suka bi gawar. Wasu daga Darna, wasu daga Lafani, wasu sun tsallako iyaka daga Ƙwanni ta Nijar a kan babur. Na san manya aka saba gani suna tuna mamatansu a wannan shafi. Ni ko gashin bakina bai gama shawarar fitowa ba, kuma a unguwarmu Rediyo ake ce mini, wai in na ga akuya sai in ba da labarin raƙumi. Ban musa ba. Amma abin da zan faɗa a kan filin bayan kara, wato kasuwar shanu, rage shi na yi.

Kawu yayan mahaifiyata ne, ɗan farin Kaka, shi ya sa har gobe ba ta kama sunansa, sai dai ta ce "mutumin nan". Da ƙwallon tsumma ya fara, ba takalmi. Wata ƙungiya a Sakkwato ta ɗauke shi, ya yi shekaru yana buga mata lamba uku, wato ɗan baya na hagu, sannan ya ƙetara Nijar ya buga a Yamai, ana biyansa da sefa. Masu shayi na bakin tasha suna cewa ya taɓa buga ƙwallo a Ƙwanni ta faɗo a Illela. Ni na ƙara da cewa an tare ta a kan iyaka ana neman takardunta, kuma yanzu da ƙarin nawa ake ba da labarin. Gaskiyar magana ban taɓa ganin wasansa ba. Kafin in yi wayo gwiwarsa ta dama ta lalace a wani karo, ya dawo gida a bayan motar wake da jaka ɗaya da sanda.

Ya buɗe ɗan shagon kayan babur, amma kowa ya san shagon na kashe lokaci ne kafin la'asar. Da an sallame salla sai ya rufe, ya nufi filin da ke bayan kasuwar shanu, inda yaran gari ke jiransa. Can ya zama koci, kuma can ya kafa al'adar da ta hana ni barci bana.

In za a yi atisaye, Kawu yakan zaɓi yara goma ne kawai a ɓangarensa. Lamba uku shi yake tsayawa da kansa. Ba ya gudu, ba zai ma iya ba. Wuri ɗaya yake kafewa, ya ɗora nauyinsa a kan ƙafar hagu. Darasinsa ɗaya ne, kuma sai da ya zauna a kan kowa kamar karatun allo: in an matse ka ka rasa yadda za ka yi, kada ka ɗaga kai, tura ta hagu. "Ina nan," yakan ce. Kuma yana nan ɗin. Taɓawa ɗaya zai yi, ƙwallo ta dawo maka a inda ya kamata ka kasance, ko da kai ba ka san da wurin ba. Tsayuwar shekara da shekaru ta sa ƙasar wurin ta lotsa, ta yi ɗan rami kamar mazaunin tulu.

Zazzaɓi ne ya kwantar da shi da damina, bai yi wata doguwar jinya ba. Bayan an share makoki yara suka koma fili, tsohon kyaftin ɗinsa Yaya Nasiru ya karɓi usur. Ranar farko aka raba ƙungiya, sai aka ga goma ne a gefe ɗaya. Ba wanda ya ce a bar wurin, ba kuma wanda ya taka shi. Sabo turken wawa. Ana cikin wasa aka matse wani yaro, ya tura ƙwallo hagu bai duba ba. Muna zaune a bakin fili mu ƙanana, muna kallo. Ƙwallon ta gangara inda ba kowa, ta ɗan tsaya, sannan ta dawo masa a ƙafa.

Yaya Nasiru ya ce bakin ramin ta buga. Wataƙila. Na yarda rami yana iya mayar da ƙwallo. Abin da ban gane ba shi ne yadda rami ya san wanda ba a tsare ba.

Daga nan abubuwa suka riƙa taruwa. Da damina ciyawa takan rufe filin har sai mun yi gayya da lauje, amma wurin nan fes yake zama kamar ana share shi. Ranar kasuwa in an koro shanu ta cikin filin, da sun iso nan sai garken ya rabe biyu ya sake haɗewa a gaba. Wannan da idona na gani, kuma makiyayin da ke bayansu ma kewayewa ya yi, ya ce shi inda saniya ta ƙi ba ya takawa. Yara uku aka gwada a lambar. Na farko ya gurɗe a ranar. Na biyu kunama ta harbe shi a cikin takalmi. Na uku lafiyarsa ƙalau, sai dai tun daga ranar ya bar ƙwallo ya koma sayar da rake, in ka tambaye shi dalili sai ya ce raken ya fi riba, alhali shi yake shanye rabi. Saboda haka ko a wasa da baƙi, wanda aka ba lamba uku yakan sulale ya matsa tsakiya, mu yi ta fama da ɓangare ɗaya a buɗe. Limamin unguwarmu ya tara mu ya ce wanda ya tafi ya tafi, ba ya dawowa tsaron baya, addu'a yake bukata. Duk muka ce haka ne, Malam. Washegari aka sake raba goma.

Nakan tambayi kaina abin da Kawu zai ce in ya ga 'yan ƙwallon yau. Kowa da takalmi mai launin alewa, kowa da sunan wani Bature a bayan riga, an yi aski kamar fara ta ci gefen gona. Mun fi daɗewa muna kallon wasa a waya fiye da buga shi, wasu ma cacar sakamako ta cinye musu kuɗin makaranta. Lokacin da aka rufe iyaka, wasannin da yake haɗa mu da yaran Ƙwanni suka mutu, har yau ba su farfaɗo sosai ba. Ina jin wannan zai fi ƙona masa rai, don shi a wurinsa iyaka layin fili ce kawai, ana fita a dawo. Amma na fi zaton abin da zai fara tambaya shi ne wane sakarai ya bar hagu a buɗe shekara biyar.

Bana tambayar ta faɗo a kaina. Ni ma bahago ne, kuma gaba nake bugawa, lamba goma sha ɗaya, har aka kawo wani yaro mai gudu kamar an kunna masa wuta a wando. Ga gasar unguwanni ta matso, an ce masu neman 'yan wasa za su zo daga Sakkwato. Yaya Nasiru ya ja ni gefe.

"Rediyo, wuri guda ya rage, kuma ka san shi."

"Yaya, ni hwa gaba nike bugawa."

"Da kenan. Ko ka tsaya lamba ukku ranar Jumma'a, ko ka aje rigar ka tai gida. Mi kake tsoro? Kawunka na."

"Shi ya sa, Yaya. Ya san ni. Ya san ba ni komawa baya."

Bai yi dariya ba. Ya ce in yi tunani.

Ƙwallon nan ita ce abu ɗaya da na iya wanda ba da baki ake yin sa ba. In na ajiye rigar, na san ƙarshena shagon wani ne, ina ba da labarin ɗan wasan da na kusa zama. Na je wurin Kaka ina jan ƙafa, na same ta tana tsince wake. Na zayyana mata komai, har da shanun, har da kunamar, wadda a bakina ta kai girman kaza.

"Angona," in ji ta, "kai da kac cika mini kunne wai kai zaki na, ɗan rami ya kore ka?"

"Kaka, ba ramin ba ne. Mai ramin."

Ta ci gaba da tsintar wakenta. Sannan ta ce, "Mutumin nan da ransa bai taɓa cutar ɗan kowa ba. Sai yanzu da ya kwanta zai fara da ɗan ƙanwa tai? Yi mishi addu'a ka shiga. In kuma tsoro ya fi ƙarfinka, zo ka taya ni tsintar wake, dama ban da kishiyar hira."

Tsoro na daji, kunya na gida. Ranar Juma'a bayan la'asar na sa rigar. Da 'yan garin Araba muka kara. Na karanta duk abin da na haddace, har da addu'ar shiga kasuwa, na taka ramin. Rana na dukan kowa, amma ƙasar wurin sanyi gare ta, na ji shi ta cikin takalmi. Ban yi minti biyu ba aka matse kyaftin ɗinmu, ya turo hagu bai duba ba. Da ya ga mutum ne ya mayar masa, sai da ya yi tuntuɓe.

Rabin farko na tsaya kamar turke. Bayan hutu halina ya motsa. Na ga hanya a buɗe, na ja ƙwallo na hau gaba, na wuce ɗaya, na wuce biyu, ina jin 'yan kallo na kiran sunana, sai na uku ya ƙwace. Kafin in juya sun jefa ta ɓangarena, inda na bari ba kowa. Ɗan gabansu, wani siririn Bafulatani da bai taɓa zuwa filinmu ba, ya kwashe ta shi kaɗai. Tsakaninsa da golanmu ba ko kaza. Na tabbata rigar ta bar jikina.

Yana isa daidai wurin sai ya ci birki. Ya karkata jiki kamar mai ba wani hanya a lungu, ƙwallon ta kuɓuce masa ta fita waje. 'Yan Araba suka yi ta zaginsa. Filin namu kuwa ba wanda ya yi tafi.

Da aka tashi, ci ɗaya muke da shi su ba ko ɗaya, yaron ya same ni wurin randar ruwa.

"Kai, ku nawa kunka shiga hili?"

"Sha ɗaya mana."

"Ƙarya ta. Dattijon da kunka aje baya hwa? Shina tsaye shina kallona. Ni ba a koya mini in banke babba ba."

Ni da ake roƙo in yi shiru, ranar ban tambaye shi kamannin dattijon ba, kuma ba zan tambaya ba. Na miƙa masa moɗa, ya sha, ya tafi yana waige.

Ban san abin da ya gani ba. Malam ya fi ni sani, kuma na yarda da shi cewa Kawu yana inda Allah ya ajiye shi. Mutumin bai bar gida ba, bai bar mota ba, kofunan da ya ci ma suna can a ƙasar wasu. Abin da ya bari shi ne samari cike da gari waɗanda in duniya ta matse su suke da tabbacin akwai wani a gefe da zai karɓa ya mayar. Shekara biyar suna tura wa wanda ba ya nan. Yanzu ni ake tura wa, kuma nauyin ya fi ƙarfin ɗan shekara goma sha bakwai mai surutu. Yaya Nasiru ya bar mini rigar. Mutanen Sakkwato ba su ce komai ba tukuna, amma ko sun kira ni ba zan tafi ba sai na ga wanda zai tsaya a wurin, don ba zan so a sake tayar da tsoho daga hutunsa saboda sakacina ba.

Allah ya jiƙan Kawu Ummaru, ya yalwata masa kabarinsa, ya sa ya huta. Na daina hawa gaba barkatai, Kawu. Kwanta abinka, ina nan.