Tsohon Osumanu na Japan

Duk wanda ya san Osumanu bakanike a Greensboro ta Amurka ya san yana da tsoho a Japan. Ba ubansa ba ne, ba surukinsa ba ne, bai ma taɓa ganin fuskarsa ba. Amma in ka ɗan zauna da shi a gareji sai ka ji ya ce, "Tsohona ya ce ƙanƙara ta toshe musu hanya," ko kuma, "Gwiwa ta matsa wa tsohona kwanan nan." Baƙo ya yi ta jajantawa, 'yan gari kuwa su ƙunshe dariya, don sun san a wasan waya aka samo tsohon.

A zangon Kumasi aka haifi Osumanu, a Suame, unguwar makanikan garin, ya koyi kanikanci. Yana saurayi wani kawunsa ya ja shi Japan, wurin masu sayen tsofaffin motoci suna kwance su, a loda injuna da ƙofofi a kwantena zuwa tashar jiragen ruwa ta Tema. Filin aikin yana bayan gari a lardin Chiba, gonakin shinkafa sun kewaye shi. Aikin bai ba shi tsoro ba, shirun ƙasar ne ya kusa zautar da shi. Mutumin da ya tashi a gidan haya, inda ko tari ka yi sai an ce maka sannu ta ɗaki uku, ya wayi gari a inda jirgin ƙasa ke cika maƙil ba mai cewa uffan.

A farkon shekarun dubu biyu ke nan, lokacin da wayoyi masu ninkewa suka fara shiga intanet a can. Wani abokin aiki ya sa masa wasan yaƙi a tasa. Allon wayar bai fi kwalin ashana ba, mayaƙan kamar tururuwa, da lambobi ake tura su gaba da baya. Daɗin abin shi ne ba da na'ura kake faɗa ba. Mutane ne irinka, kowa daga garinsu, a haɗu runduna-runduna a tsare ganuwa ko a kai wa ta wasu hari. Da tsakar rana ake buɗe fage, daidai hutun cin abinci. Osumanu ya zaɓi mayaƙi mai gatari, ya raɗa masa suna Zongo, ya kuma yi yaƙi yadda yake kwance mota, da ƙarfin tsiya ba waiwaye. Kullum shi ake fara kayarwa. Kullum kuma akwai wani mai jakar magani a rundunarsu da zai lallaɓo ya tashe shi, ya wuce abinsa bai ce komai ba.

Wannan ya tsaya wa Osumanu a rai, domin a zango ba a yi maka alheri ka kama bakinka. Ya tattara guntun Japanancinsa ya rubuta wa mutumin godiya, ya ɗora da gaisuwa irin ta gida: ya kwana, ya iyali, ya gajiya, ya sanyi. Amsa ta zo a gajarce, cewa iyali babu, sanyi akwai. Sunansa Kuramoto, direban bas ne a wani ƙaramin gari cikin duwatsun Tochigi, matarsa ta rasu, Allah bai ba su haihuwa ba. Washegari Osumanu ya sake gaishe shi, shi ma ya sake amsawa.

Daga baya kamfanin ya rufe wasan, runduna ta watse, amma gaisuwar ba ta tsaya ba. Sau da yawa Osumanu ya ce zai zo ya gan shi, tsohon ya ce gidan a hargitse yake, a bari wani lokaci. Suna nan a haka bizar Amurka ta faɗo wa Osumanu. Ya sauka Greensboro, ya yi ta aiki a garejin wasu har ya buɗe nasa a kan hanyar McLeansville. Ya auri Abibata, 'yar zangon Accra mai aiki a gidan kula da tsofaffi, suka haifi Nadia. Furfura ta fito masa, ciki ya turo riga. A duk tsawon shekarun nan, da ya idar da sallar asuba zai tura saƙo, a can kuwa yamma ta yi, kafin ya shanye shayi amsa ta iso. Kuramoto ya yi ritaya, ya ƙi rabuwa da tsohuwar wayarsa, ya ƙi turo hoto.

Abibata ba ta gajiya da tsokana. "Babban mutum da gemu," in ji ta, "a ce abokinsa na gem ɗin waya. Ni ko *good morning* sai na roƙa, chale."

"Ke ai ina ganinki," in ji shi, ya ci gaba da latsa waya.

Sai ga wata bazara, lokacin da garin furen itatuwa ke rufe motocin Greensboro da ƙura mai ruwan ɗorawa, saƙon Osumanu ya dawo masa. Ya ɗauka matsalar layi ce. Washegari ya sake dawowa. Ya miƙa wa Nadia wayar, don idonta ya fi nasa, Turancinta ma haka.

"Baba, *it says the address doesn't exist*," ta ce.

"Yaya za a ce babu adireshin? Tun kafin a haife ki yake nan!"

Ta ɗaga kafaɗa. Shi kuwa ya zauna a Japan, ya san yadda abin yake a can. Tsoho mai zaman kaɗaici yakan mutu a ɗaki ba wanda ya sani, sai an jima a gano, a kwashe kayansa, a rufe layinsa. Ya faɗa wa Abibata, yana jira ta yi masa dariya ko ya ji sanyi. Ba ta yi ba. A wurin aikinta ta sha rufe idon tsofaffin da ba wanda ya zo tambayarsu. Ta ce kawai, "Allah ya sa lafiya," ta ƙara masa shayi. Wannan rashin tsokanar tata ya fi komai tsorata shi.

Kwanakin nan Osumanu ba shi da amfani. Ya zuba wa motar wata malamar coci baƙin mai bai ɗaure noti ba, man ya malale ƙasan gareji. Abinci sai ya tsakura ya ture. Abin da ke cinsa shi ne bai san ko addu'ar lafiya zai yi wa mutumin ba ko kuwa makoki zai zauna, kuma in ya mutu, wa ya tsaya a kansa.

Adireshin gida bai taɓa karɓa ba. Abin da ya sani shi ne abin da hira ta tara masa: sunan garin, gidan wanka mai doguwar bututun hayaƙi, wani kantin awara da aka rufe, da itaciyar da tsohon ke tsinkar 'ya'yanta yana shanyawa a baranda. Da wannan ya kira Kumasi. Kumasi ta haɗa shi da Tema, Tema ta ba shi lambar wani Mourtala, mutumin Maraɗi, wanda ke riƙe da filin motoci a Chiba yanzu. Ba su taɓa haɗuwa ba. Mourtala ya saurari labarin har ƙarshe.

"Bon, Alhaji, ban gane ba. Abokin ciniki ne?"

"Tsohona ne."

"To shi ke nan. *Dimanche* da safe muna can, in sha Allahu."

Osumanu ya ja masa kunne, ya je shi kaɗai, a hankali, don mutanen can ba sa son a faɗo musu gida. Mourtala ya ce to. Amma wa ya taɓa ganin Bahaushe ya tafi dubiya ko gaisuwar mutuwa shi kaɗai, hannu rabbana?

Safiyar Lahadi a Japan yammacin Asabar ce a Greensboro. Osumanu yana falo, rana ta yi sanyi, Abibata na gefensa, sai waya ta yi ƙara, kiran bidiyo daga Mourtala. Da hoto ya buɗe, salati ya kama yi. Ga Mourtala, ga abokan aikinsa Laouali da Maazou, ƙarti uku cikin manyan riguna da huluna, sun ajiye motar ɗaukar kaya ta tare rabin lungu. Laouali na rungume da wata ƙatuwar tukunya ta shinkafa da miya, wadda Yasmina matar Mourtala ta dafa. In an samu mutumin da rai ya ci, in an samu makoki a ba masu zaman.

"Alhaji, mun ga bututu, mun ga icce. Voilà gidan," in ji Mourtala.

Suka rangaɗa sallama da murya ɗaya, irin wadda ake yi a ƙofar gidan mai zaure biyu. Shiru. Suka buga ƙofa. Wata maƙwabciya ta leƙo ta taga, ta gan su, ta ja labule da sauri. Suka sake bugawa, har da tafin hannu. Osumanu ya matso da waya kusa da kunne ko zai ji motsi, bai ji komai ba sai kukan hankaka. Abibata ta karɓi wayar ta riƙe masa.

Maazou ya fice daga hoton. Da ya dawo, ƙarfen ɓamɓare ƙofar mota ne a hannunsa.

"Kai! Kada ku fasa wa mutane gida!" Osumanu ya miƙe tsaye. "Ɗaure ku za a yi! Mourtala, ka sa baki a jikin ƙofa, a hankali, ka ce Zongo ne ya aiko ku."

Mourtala ya duƙa ya faɗa da Japananci. Aka ɗan jima. Sai ga ƙarar sarƙa, ƙofa ta buɗe kaɗan, ido ɗaya ya leƙo. Sannan ta buɗe duka.

Ɗan tsamurmurin tsoho ne mai manyan kunnuwa, cikin rigar sanyi, wayar nan mai ninkewa a hannunsa. Mourtala ya kai masa allo daidai fuska. Suka kalli juna. Shekara da shekaru Osumanu yana rubuta masa magana, yau ga shi ga shi. Tsohon ya sunkuya wa wayar. Osumanu ma ya sunkuya a tsakiyar falonsa, da singileti da zanen gida, hawaye na bin gemunsa.

Mourtala ne ya yi tafinta. Ashe kamfani ne ya daina aiki da layin tsofaffin wayoyi. An sha gaya wa Kuramoto ya canza, yana cewa gobe. Da wayar ta mutu ya je kanti, mai kantin ya yi ta zuba bayani da sauri, ya ji kunyar cewa bai gane ba, ya yi godiya ya dawo gida. Kullum da yamma sai ya buɗe wayar ya duba, ko da ya san ba abin da zai shigo. Damuwarsa ɗaya, kada Zongo ya zaci fushi ya yi. Ƙin buɗe ƙofa kuwa, ya ce a yafe masa, tun bayan rasuwar matarsa ba wanda ya buga ƙofar nan da ƙarfi haka, ya ɗauka masifa ce ta zo.

"Alhamdu lillahi," in ji Osumanu. Ya faɗa ya sake faɗa, ya zube a kujera kamar an sauke masa buhun siminti. Abibata ta share ido da gefen mayafi, ta leƙa allon.

"To ga shi da ransa, har ya fi ka ƙoshin lafiya nesa ba kusa ba, koraa," ta ce. "Sai ka tashi ka ci abinci, ka bar mu mu huta."

A can kuwa an tuɓe takalma an shiga. Ƙartin uku suka cika ɗakin, suka nannaɗe ƙafa a tabarma, aka buɗe tukunya. Yajin Yasmina ya sa tsohon tari da hawaye, amma ya miƙo kwano aka ƙara masa. Laouali ya ce da an gama zai kai shi kanti da kansa, ba za su fito ba sai da sabuwar waya, kuma sai ya ga saƙo ya tafi ya dawo.

Da dare ya yi nisa a Greensboro, Mourtala ya sake kira daga cikin mota. Murna ta lafa, wani tunani ya shigo wa Osumanu. Waya dai za ta gyaru, amma ya ga ɗakin da idonsa, kofi ɗaya, matashi ɗaya, kujera ɗaya tana fuskantar taga.

"Na gode, Mourtala, Allah ya saka. Amma yanzu in kun tafi fa? Nan gaba in ya yi shiru, ba lallai waya ce ba."

"Ya so ya wanke tukunya ya ba mu," in ji Mourtala. "Na ce masa a'a, akwai sauran shinkafa, ya ci a hankali. Tukunyar Yasmina ce, Alhaji, kuma ka san mata da kayansu. Dole *dimanche* mai zuwa mu koma ɗauko ta. Kuma ba za mu je hannu rabbana ba."