Gindin Gawon da Muke Hutawa

Ni da maƙwabcina ciwo ɗaya ya kama mu: jini ba ya isa ƙafafunmu sosai. In za mu gona, sai mun zauna gindin wani gawo, sharaɓa na mana zogi. Bara ɗansa ya kai shi asibiti a birni. Likitoci suka zura siririn tiyo cikin jijiyar da ta toshe, suka hura ɗan balan-balan, hanya ta buɗe. Ni tsagar wanzami kawai na samu.

Na yi masa barka, raina na tafasa. Yanzu har kasuwar Guci yake zuwa a ƙafa, amma kullum sai ya tsaya gindin gawon nan, wai yana jirana. Da zai wuce abinsa, da ya fi mini sauƙi.