Sabon Kwatangwalon Goggo Mai Tangaran

Goggona, ƙanwar babana, tangaran take sayarwa tun ban yi wayo ba. Shagon a jikin gidanta yake, ƙofa ɗaya ce tsakani. In ka shiga sai ka matse hannuwanka a jiki, don farantai da kofuna da butocin shayi sun hau kan juna har rufi, kowane saiti a naɗe cikin tsohuwar jarida. Dokar shagon guda ce: kalla da ido. A wurin Goggo, abin da aka yi amfani da shi sau ɗaya ya tashi daga sabo ya koma kwance, kuma kwance ba shi da daraja.

Dokar nan ta bi ta har cikin gida. Kujerun falonta da ledarsu suke, in ka zauna lokacin zafi sai ka ɓamɓare kanka kafin ka tashi. A saman kabad kuma akwai kofunan shayi masu bakin zinare, na mahaifiyarsu, da suka faɗo hannunta a gado. Yayarta, wadda duk muke kira Yaya don haka muka ji Goggo na kiranta, ta yi roƙo har ta gaji a sauko da su a sha shayi ko sau ɗaya. Goggo ta ce sai babbar rana. Ni da bakina ba ya shiru na ce wace rana ce babba? Ta ce in ta zo zan gani.

Shekarun hawa tsani da sauke kwalaye suka taru a kwatangwalonta na hagu. Gaɓar ta cinye, tafiya daga gado zuwa shago ta koma azaba, dole aka kai ga tiyata. Ni na yi jinyarta, kuma na addabi likitan ƙashin da tambaya, don abin ya ɗaure min kai: wai ƙarfe a cikin mutum, kuma ba ya tsatsa? Ya ɗauko irinsa ya nuna mana. Ƙwallo ne na ƙarfe yana juyawa cikin wani ɗan kwano da aka shimfiɗa wa roba mai tauri, sai doguwar jela da ake cusawa cikin ƙashin cinya. Ina ta juya shi ina mamaki, Goggo ta jefo tambayar da take yi wa duk mai kawo mata kaya.

“Likita, yana da ƙarko?”

Ya ce yana da shi. Wasu ya kai su shekara ashirin, wasu ya wuce, wasu bai kai ba a sake aiki. Ya ce ta riƙa tafiya kullum, ta motsa jiki.

Da a nan aka tsaya da sauƙi. To, a gadon kusa da nata akwai wata tsohuwa da ta dawo aiki na biyu, tana ta nishi tana cewa na farko wasan yara ne. Goggo ta matsa mata da bincike, me ta yi da nata har ya lalace? Tsohuwar ta ce me kuwa, ta je kasuwa, ta je biki, ta hau bene ta sauko kamar kowa. Goggo ta gyaɗa kai kamar wadda ta kama ɓarawo da hannu. Tun daga ranar tsoron wuƙa ta biyu ya shige ta, ta kuma yanke wa kanta magani.

Aiki ya yi kyau, ciwo ya tafi, Goggo ta zauna. Ta sa aka ajiye mata kujera a tsakiyar shago inda hannu zai kai ko'ina, ta samo doguwar sanda mai ƙugiya ta jawo labule. Biki sai ta aika, gaisuwa sai ta waya. Na ce Goggo, likita cewa ya yi ki yi tafiya. Ta ce likita sayarwa ya yi, kuma ita ma mai sayarwa ce, ba ta taɓa ce wa mai saye ya bar faranti a kwali ba. Abin da ke gogar juna yana cinyewa, wannan ko yaro ya sani. Wallahi wani lokaci har ta kusa ja na cikin lissafinta.

Ana haka ɓarin jikin Yaya ya shanye. Ɗanta ya ɗauke ta zuwa wurinsa, a can ƙololuwar wani dogon bene da ba a hawansa sai da ƙafa. Yaya ba ta iya saukowa, Goggo kuwa bene shi ne babban abokin gabarta. Ɗan Yaya ya ce zai kawo ƙarti su ɗaga ta a kujera. Ta ce, “Ni buhu ce? In suka sake ni fa?” Sai aka koma waya. Kullum da hantsi Yaya ta ce, “Yaushe za ki zo?” Goggo ta ce, “Ina nan tafe, Yaya.” Shekara ta bi shekara tana nan tafe.

Ni nake hawa benen, ni nake ganin abin da waya ba ta nunawa. Yaya ta fara tambayar abu ɗaya sau uku, ta fara kira na da sunan mamata. Wata rana na dawo raina a ɓace, na tsaya a ƙofar shago na ce, “Goggo, wai wa kike ajiye wa ƙafar nan? Yaya fa tana tafiya tana barinmu.” Ta ce tsufa ne, kowa na mantuwa, in daina mata tsawa a gaban kaya kada su tsage. Haushi ya sa na fi wata ban leƙa ta ba.

Abin da ya dawo da ni shi ne wayar maƙwabciyarta, wai Goggo ba ta iya taka ƙafar. Ciwo ne a cinya, in ta miƙe sai ta ji abu na motsi a ciki. Shekara goma sha wani abu ke nan da aikin farko. Likitan da ya yi shi ya bar asibitin, wata matashiyar likita muka tarar. Ta ɗaga hoton ƙashin ta nuna mana wani siririn duhu da ya zagaye jelar ƙarfen, ta ce ya yi sako-sako, sai an sake aiki.

“Ba zai yiwu ba,” in ji Goggo. “Ban taɓa shi ba!”

Likitar ta ce, “Mama, wani lokaci robar ce ke cinyewa, wani lokaci kuma ƙashin ne ke sakin ƙarfen. Ƙashi rayayye ne, yana tsufa ko kin yi tafiya ko kin zauna. Zaman ma ba ya ƙara masa ƙarfi.”

Goggo ba ta yarda ba. Sharaɗinta kafin ta sa hannu shi ne in an cire tsohon a nuna mata, don kayanta ne.

Tsohuwar nan ta gadon kusa ba ta yi ƙarya ba, aiki na biyu ya fi na farko tsawo da wahala. Da Goggo ta dawo hayyacinta sosai, nas ta kawo ƙarfen a wanke cikin ɗan kwano. Ni ma na matsa, don na ƙosa in ga abin da ya mulki gidanmu tsawon shekarun nan. Goggo ta ɗaga shi saitin taga yadda take duba kofi, ta bi ƙwallon da farce, ta leƙa cikin robar.

“Ko ƙwarzane babu,” ta ce. “Da a shago ne sai in mayar da shi kwali.”

Na buɗe baki zan ce ai na faɗa miki, sai na ga hawaye na bin gefen kunnenta. Tausayinta ya kama ni, na karɓi kwanon na miƙa wa nas.

Ba a taɓa ganin mai gashin ƙashi da motsa jiki irin Goggo ba. A ce ta je ƙarshen baranda ta dawo, sai ta ƙara wani zagayen. Da aka yarje mata hawa bene a hankali, ko kwana ba ta ƙara ba. Ta ce in hau in sauko da kofunan zinare, ta naɗe su da sabuwar jarida, ta cika flas da shayi, muka tari tasi zuwa wurin Yaya.

Lafiyayyar ƙafa gaba, sannan sabuwar da sanda, haka aka koya mata. A kowane hawa sai ta jingina da bango ta yi haki, in ce mu huta, ta ce in rufe mata baki. Matar ɗan Yaya ta tare mu a ƙofa ta raɗa min cewa yau jikin sai a hankali.

Yaya na zaune kusa da taga, an lulluɓe mata gwiwa. Ta kalli Goggo ta yi murmushin da ake yi wa baƙo.

“Sannu da zuwa, baiwar Allah. Wa kike nema?”

“Yaya, ni ce.”

Yaya ta ce madalla, ta mayar da ido taga. Goggo ta zauna a bakin gado ta fara warware jarida. Bakin zinaren na bayyana Yaya ta zabura, ta ɗaga hannunta mai lafiya.

“Ke! Ina kika samo waɗannan? Na ƙanwata ne. Maza mayar kafin ta gani, ba ta son a taɓa mata kaya.”

Goggo ta ɗora kofin a kan farantinsa. Ta tsiyaya shayi, ta hura, ta kai mata baki.

“Ita ta aiko ni. Ta ce ki sha.”

Yaya ta kurɓa, ta lumshe ido, ta sake kurɓa. Can ta ce, “Allah ya yi mata albarka. In kin koma ki ce kada ta wahalar da ƙafarta, benen nan da tsawo.”

Goggo ta ce za ta faɗa mata. Ta goge wa Yaya haɓa da gefen mayafinta, ta ƙara mata shayi.