Tanimu Mai Waya da Hanyar Ruwan Lambun Aisa

A layin da ke bayan makarantar da na koyar shekara ashirin da shida a unguwar Bukoki ta Yamai, akwai wata rumfar kwano wadda baƙo kan tsaya ya sake kallo. Wayoyi ne rataye tun daga rufi har kusa da ƙasa, farare da baƙaƙe da masu ruwan toka, kowacce an naɗe ta, an ɗaure da zare, an liƙa mata ƴar takarda. Sunan mai rumfar Tanimu Zakari, amma duk unguwa Tanimu Mai Waya ake ce masa. Na san shi tun yana aji uku, saboda haka abin da zan faɗa ba ji na yi a bakin wani ba.

Mahaifinsa Bagobiri ne daga Tibiri. Fataucin fata ya kawo shi Yamai, ya ga wuri ya zauna. A nan aka haifi Tanimu, ya tashi da Zabarmanci a bakinsa daidai da Hausa. A aji bai taɓa zama na ɗaya ba, bai kuma taɓa zama na ƙarshe ba. Abin da na fi tunawa game da shi shi ne alƙalaminsa ba ya ɓata, marfinsa ma ba ya ɓata. Bayan shekara biyu a kwaleji ya bar karatu, ya shiga koyon gyaran rediyo. Daga rediyo ya koma kaset, daga kaset ya koma talabijin, da zamani ya kawo ordinater, wato kwamfuta, kuma ya bi ta.

Ka'idarsa ɗaya ce a sana'a: ba a yanke kan waya. Abokan aikinsa, idan na'ura ta mutu, sukan feɗe wayoyinta su sayar da jan ƙarfen. Shi kuwa sai ya goge waya, ya rubuta irin na'urar da ta fito da shekarar da aka kawo ta, ya rataye. Dalilinsa shi ne masu ƙera na'ura suna sauya mata baki duk bayan ƴan shekaru, alhali kayan mutane suna nan cikin tsofaffin. Matarsa Lami ba ta taɓa gamsuwa da wannan dalili ba. Takan ce, "Malam, ranar da ɓera ya gano rumfarka, sai ya aika ƙauye a turo masa danginsa."

Shekarar da kogin Isa, babban kogin da ya ratsa Yamai, ya tumbatsa ya shiga gidaje, lambunan unguwar Gamkalle sun kwana biyu a ƙarƙashin ruwa. Da ruwa ya janye, ya tafi da shinge da duwatsun iyaka, ya bar fili sumul kamar ba a taɓa raba shi ba. Cikin masu lambu akwai wata Bazabarma mai suna Aisa, wadda mijinta Abdulaye ya rasu ya bar mata ƴaƴa huɗu da lambun salati da kabeji. Lambun ba ya bakin kogi. Wata ƴar siririyar hanya ce ta haɗa shi da ruwa, ta gefen lambun maƙwabcinsu Bello, kuma a kanta tiyon injin ban ruwa yake bi. Bello bai daɗe da gadon lambun mahaifinsa ba. Da ya zo sabunta shinge, ya haɗa da hanyar, yana mai imani cewa aro mahaifinsa ya ba Abdulaye. Ba azzalumi ba ne; abin da ya ɗauka gaskiya ne ya bi. Amma lambu ba ruwa, turɓaya ne.

Takardar awon filin tana cikin akwatin da ambaliya ta jiƙa har ta zama kunu. Mai unguwa ya saurari kowa, ya ba Aisa kwana goma ta kawo shaida, in ba haka ba shingen Bello ya tsaya. A nan ta tuna cewa Abdulaye, wanda ya yi aikin ofis a unguwar Lamorde, yana da al'adar ɗaukar hoton kowace takarda ya adana a tsohuwar ordinater ɗinsa ta hannu. Na'urar tana saman kabad, ruwa bai kai gare ta ba, sai dai ta yi shekaru ba ta kamawa.

Masu gyara uku ta kai wa. Dukansu sun buɗe na'urar, sun ciro diski, wato ɗan akwatin ƙarfen da ke riƙe da duk abin da aka adana, sun dubi bakinsa, sun girgiza kai. Bakin wani baƙin roba ne mai faɗi kamar bakin fartanya, babu wayar da ke shiga cikinsa. Na ukun ya ce mata ko a Kwatano ba za a sami irinta ba. Kwana shida suka tafi a haka kafin wata mai sayar da tumatir ta kwatanta mata rumfar Bukoki.

Aisa ta iso da hantsi, da diski naɗe cikin gyale. Da ta ga zanen Gobir a kumatun Tanimu, sai fuskarta ta saki, domin tsakanin Zabarmawa da Gobirawa akwai wasa tun kaka da kakanni.

"Fofo, bawana," in ji ta, tana gaishe shi da Zabarmanci. "Ashe wurin Bagobiri aka turo ni. Lalle na shiga uku."

"Sannu da zuwa, baiwata. Bazabarma ba ta neman ubangidanta sai tura ta kai bango. Zauna, kada ki taka mini dukiya."

"Wannan yayin kake kira dukiya?"

"Yayin da kika ƙetaro gari domin shi."

Ta zauna ta faɗa masa komai, dariyar kuma ta ƙare. Tanimu ya karɓi diskin, ya juya shi a hasken ƙofa. Ya ɗauko wata siririyar wuƙa, ya sa bakinta a gefen baƙin robar, ya ɗaga kaɗan, ya koma ɗaya gefen ya ɗaga kaɗan. Haka ya yi ta yi, dama da hagu, ba gaggawa, har robar ta fita ta faɗo a tafin hannunsa. A ƙarƙashinta sai ga allurai masu ruwan zinariya jere layi biyu.

"Hula ce," ya ce. "Masu ƙera na'urar ne suka ɗora masa domin ya dace da tasu. Yaran yanzu ba su tarar da wannan zamani ba, suna ganin hula su ce kai ne. Ga bakinsa na ainihi nan, mai allura arba'in da huɗu."

"To, sa masa waya mana!"

"Yaya, da ina da abin, da ba ki ƙarasa maganar ba."

Abin da ake bukata wani ɗan allo ne mai ramuka daidai da alluran, wanda ke haɗa tsohon diski da na'urar yau. Masu sana'ar suna ce masa adaftater. Tanimu ya taɓa mallakar guda biyu. Ɗaya ya ƙone, ɗayan wani ya ara bai dawo da shi ba. Saura kwana huɗu.

Washegari ya rufe rumfa ya hau babur. Ya zaga Babbar Kasuwa shago shago, samari masu sayar da kayan salula suna karɓar diskin suna miƙa wa juna. Wani ya kira shi kawu da Faransanci, ya ce, "Tonton, wannan ai gidan tarihi za ka kai shi." Rana ta biyu ya haye gada zuwa Lamorde, inda masu fotokopi da gyaran na'urorin ɗalibai suke. Can ya sami adaftater a wurin wani tsohon abokin aiki, har ya yi hamdala, amma da ya gwada sai ya ga na babban diski ne na ordinater ta tebur, ramukansa arba'in, kuma sun fi faɗi. Abokin ya ce a ɗan matsa, wataƙila ya shiga. Tanimu ya mayar da diskin aljihu. Allura ɗaya in ta karye, lambu ya tafi.

A hanyar komawa ne tunani ya zo masa. A zamanin da irin wannan diski yake yayi, ana sayar da wasu ƴan akwatunan alminiyom da ake sa shi ciki a tafi da shi, kuma kowane akwati yana da irin wannan allo a cikinsa. Alminiyom kuwa, duk inda ya tsufa a Yamai, kasuwar Katako yake ƙarewa, wurin masu narka shi su zuba tukwane.

Ranar Juma'a da sassafe yana Katako, a gaban wani dillalin tsofaffin ƙarafa mai suna Hasan, shi ma Bazabarme.

"Akwatunan nan? Sun zama tukunya tuntuni," in ji Hasan. "Wataƙila matarka tana dafa maka tuwo a cikin ɗaya."

"Ƴan cikin fa?"

"Masu tukunya ba sa son su. Muna zuba su a buhu." Ya nuna wasu buhuna biyar a jingine da bango. "Ga su can. Bagobiri da tonon bola, ai gado ne."

"Gara mai tono da mai zubarwa. Ba ni tabarma."

Ya zazzage buhu na farko, ya zauna yana ɗaga alluna ɗaya bayan ɗaya, yana hure ƙura yana duba baki. Rana ta take, ƙarfe ya yi zafi, yatsunsa suka yi baƙi. Ya tashi ya tafi masallaci, ya dawo ya ci gaba. A cikin buhu na huɗu ya sami uku masu ramuka arba'in da huɗu. Ɗaya ya tsage, ɗaya tsatsa ta cinye shi, na ukun lafiyarsa ƙalau.

La'asar ta yi yana rumfarsa, Aisa tana zaune a kan benci, hannunta a haɓa. Ya wanke allon da buroshi, ya bar shi ya bushe. Sa'an nan ya nuna mata wani gurbi a cikin jerin alluran inda aka bar wuri babu allura: wannan ne ke nuna sama da ƙasa, domin wanda ya kifa shi ya ba da wuta, ya ƙone diski nan take. Ya daidaita, ya tura a hankali, ya haɗa waya da ordinater ɗinsa ta tebur.

Diskin ya yi ƙas, ƙas, ƙas. Tanimu ya zare wayar da sauri.

"Ya mutu?" in ji Aisa.

"Yunwa yake ji. Tsoho ne, baki ɗaya ba ya ƙosar da shi."

Ya miƙe ya bi jerin wayoyin rufi yana karanta takardunsu, ya sauko da wata mai kai biyu, wadda ke jan wuta daga kafa biyu. Kai ɗaya ya shiga ta gaban na'urar, amma ɗaya kafar tana baya, wayar kuma gajera ce. In an ja ta, diskin zai yi lilo a iska. Ya sake duba rufi, ya sauko da wayar ƙari mai tsawon kamu biyu, ya haɗa. Ya shimfiɗa tsumma, ya kwantar da diskin a kai, ya yi bisimilla.

Wannan karon babu ƙas. Wani siririn sauti ne ya tashi, ya daidaita. A fuskar na'urar sunayen ma'ajiyoyi suka fito, jere cikin tsari irin na mutumin da ya yi aikin ofis. Ɗaya daga ciki an rubuta mata Gamkalle.

Takardar awo tana ciki, da hatimi da zanen fili da sa hannun shaidu. Ta ce hanya mai faɗin taki huɗu, daga gindin giginya zuwa bakin kogi, ta Abdulaye ce. Akwai kuma hotuna shida na ranar awon. Aisa ta rufe fuska da gyale. Tanimu ya ba ta baya, ya kwafe komai a wuri biyu, ya tafi da kansa ya buga takardar da hotunan.

Ranar Asabar da safe aka taru a gindin giginyar, wadda ambaliya ba ta kayar ba. Na je, domin Aisa ta roƙi a sami wanda zai karanta Faransancin takardar ya fassara wa jama'a. Na karanta, na fassara, mai unguwa ya miƙa wa Bello hotunan. A na uku, mahaifinsa Malam Sani ne riƙe da bakin igiyar awo, Abdulaye yana riƙe da ɗaya bakin, dukansu suna dariya.

Bello ya daɗe yana kallo. Daga bisani ya ce, "Wannan rigar ni na saya masa. Ba mu da hotonsa ko ɗaya, ruwa ya tafi da su." Ya juya wajen Aisa. "Inna, ki yafe mini. Ban sani ba."

"Ba komai, ɗana. Riƙe hoton, naka ne."

Shi da kansa ya tumɓuke turakun shingen, aka auna taki huɗu, aka kafa sabbin duwatsu. Kafin azahar an shimfiɗa tiyo, an tayar da inji. Mun tsaya muna kallo har ruwa ya fito ta ɗaya bakin, ya bi kwari, ya shiga fangalin farko na salatin da ya fara yaushi. Aisa ta tattare zane ta shiga laka da fartanya tana buɗe wa ruwa hanya, tana kiran ƴaƴanta su kama fangali na biyu.