Rayuwar Dakta Pyo Sun-rye da Maganin da Ke Hutun Hunturu

Haihuwa da Karatu

An haifi Pyo Sun-rye a shekarar 1946 a garin Gimje, mahaifinta Pyo Dal-su mai sana'ar awara, mahaifiyarta kuwa Eom Gwi-nam. Ta yi firamare da sakandare a garinsu, sannan a 1965 ta tafi Seoul karatun harhaɗa magunguna, inda ta kai har digiri na uku.

Aure da Aiki

A 1974 ta auri Gong Man-su, direban jirgin ƙasa, kuma a 1979 ta kama aiki a wata cibiyar binciken ciwon daji a Daejeon. A nan ne, cikin 1982, ta haɗa wata farar hoda wadda ke toshe kafar da sinadarin jikin mace yake shiga ƙwayar halitta ya ciyar da sankarar mama. Ranar da ƙwayoyin cutar suka daina yaɗuwa a farantin gwaji, an ce ta ruga ofishin shugaban cibiyar, Farfesa Bang, da takalmi ƙafa ɗaya.

Shekarun Gwaji

Da aka koma kan ɓeraye sai al'amari ya rikice. Da bazara ƙarin da ke jikinsu yakan motse, da sanyi ya shigo sai ya ci gaba da girma kamar ba a ba su komai ba. Abokan aiki suka riƙa tsokanarta cewa maganinta ya fi Farfesa wayo, tun da shi maganin yana samun hutun hunturu. A ƙarshen 1985 Farfesa Bang ya sanar da ita cewa in furanni suka buɗe bayan hunturu ba ta kawo bayani ba, za a rufe ɗakin gwajinta a zubar da hodar.

Ta bincika zafin ɗaki, ta sauya ruwan sha, ta zargi fitilu, duk a banza. Cikin Janairun 1986 mijinta ya sauko daga aiki da ƙullin da ya saba kawowa daga gidan surukansa a Gimje, wato dusar awara, wadda a gidansu zubar da ita abin kunya ne. Ta ce ya ajiye, gobe za ta kai wa ɓeraye kamar kullum, don abincinsu na kanti ya yi auki.

"Maman Mi-ra, ɓerayen nan naki sun fi ni gata," in ji shi, yana kiranta da sunan 'yarsu ta fari. "Gara ma da zafi, da dusar take tsami a hanya, su ma sukan ɗanɗana rashi."

Ba ta ƙarasa abincin da take ci ba. Waken suya na ɗauke da wani abu mai kama da sinadarin jikin mace, wanda zai iya ciyar da ƙarin, kuma da sanyi kaɗai dusar ke isowa lafiya. Washegari ta raba ɓerayen gida biyu, ta hana wa rabi dusar, kuma kafin furanni su buɗe ƙarin waɗanda aka hana ya motse, alhali ƙanƙara na zuba. Farfesa Bang ya daɗe yana duban su, sannan ya ce ɗakin ya zauna, amma daga yau surukai su daina aiko wa ɓeraye tsaraba.

Shekarun Baya

Hodar ba ta taɓa zama maganin da ake ba mutane ba, domin tana wahalar da hanta, amma ɗakunan gwaji da dama sun riƙa neman ta don auna halin sankara. Dakta Pyo ta yi ritaya a 2006. A 2011 aka gano cutar a jikinta, kuma bayan tiyata ta roƙi tsofaffin ɗalibanta su shuka ƙwayoyin ƙarin nata a faranti su zuba musu hodar. Da suka kawo mata labari a gadon asibiti cewa ƙwayoyin sun tsaya cak, ta tafa hannu tana dariya.

"Kun gani ko, 'ya'yana? Har a kaina tana ci."

Rasuwa

Ta rasu cikin Afrilun 2013 tana da shekara sittin da bakwai, aka binne ta a gefen dutsen da ke bayan Gimje, kusa da iyayenta. Ta bar mijinta da 'ya'ya uku: Mi-ra, malamar makaranta, da Hyeon-tae, mai gyaran jiragen ruwa a Ulsan, da autarsu Bo-gyeong, likitar mata.